Ku Tambayi Wadda Ke Kwana Ɗaki Ɗaya Da Shi

Zuwa ga Babban Likita,
Shugaban asibitin da nake kai yarona, a nan birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka ara mini kunnenka. Ban ambaci sunan asibitin ba, ban kuma ambaci sunan kowa a cikinsa ba, domin ba tozarta wani na fito yi ba. Wanda abin ya shafa zai gane kansa. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda na nemi ganinka a ofis, masinjanka ya ce kana taro, na koma ya ce ka yi tafiya. To, ga ni na biyo ta inda babu masinja.

Ni matar aure ce a Mabera, ɗinki nake yi a gida. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Kalambaina, rabin kwanansa a hanya yake yi. 'Ya'yanmu uku, kuma maganar babbansu ce ta sa na ɗauki biro, yaro ɗan shekara shida. Numfashinsa yana ɗaukewa idan yana barci. Abin da nake nema tun bara bai wuce takardar da za ta kai shi gaban likitan kunne da hanci da maƙogwaro ba, kuma har yau ban samu ba. Ga yadda abin yake, dalla-dalla.

Na farko, abin da nake gani.

Yaron nan minshari yake yi irin na manya. Ba shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne shirun da ke biyo bayan minsharin. Yana cikin ja sai ka ji ɗif. Ƙirjinsa na ɗagawa yana lotsawa, cikinsa na motsi, bakinsa a buɗe, amma babu iskar da ke shiga. Ba ni da agogon awo, don haka da Ƙulhuwallahu nake gwadawa: wani lokaci ina kai ƙarshen surar bai ja numfashi ba. Daga nan sai ya zabura da wani irin gurnani, ya shaƙi iska da ƙarfi, ya juya, ya koma minsharinsa, can kuma a sake. Yana kwana da wuyansa a banƙare, kansa ya zamo daga matashi. Ko a lokacin sanyi, da asuba rigarsa a jiƙe take da gumi.

Ni ba likita ba ce, iyakata sakandare. Amma wata rana ina kan keke ina ɗinki na ji wani likita a rediyo yana bayanin yaran da hanyar iskarsu ke toshewa a barci. Ya ce sau da yawa naman da ke gefen maƙogwaro da wanda ke bayan hanci ne ke yin girma fiye da ƙima, kuma akwai gwajinsa, akwai maganinsa, wani lokaci har da ƙaramin aiki. Duk alamar da ya faɗa sai na ga kamar ya leƙo ɗakina ne. Ban ce lallai shi ne ke damun yarona ba. Zargi nake yi, kuma aikinku ne ku tabbatar ko ku kore.

Na biyu, zuwanmu na farko, da wanda kuka tambaya.

A nan ne ƙorafina ya fi nauyi, sai ka yi haƙuri in yi bayani. Yaron nan ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Kai Bahaushe ne, ranka ya daɗe, ba sai na fassara maka ba. Kunya biyu ke nan a kaina. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, mutanen gida na ce masa Baba Ƙarami, ni kuwa "yaron nan" nake cewa. A gaban surukata ba na ɗaukarsa, ba na yabonsa, ba na nuna na san yana ciwo. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka uwata ta yi da yayanmu, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba. Shi ya sa ranar da za a kai shi asibiti, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta taso tun daga Ƙofar Kware ta shige gaba, domin lamarin ɗan fari na kaka ne.

Muka shiga wurin likita mu huɗu. Kujera biyu ce, Hajiya ta zauna da jikanta a cinya, maigidana ya zauna, ni na tsaya a bayansu kusa da ƙofa. Likita ya tambayi abin da ke tafe da mu. Maigidana ya ce wai an ce yaron na minshari. Likita ya tambaye shi ko ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, ya ce shi dai bai taɓa ganin komai ba. Gaskiya ya faɗa. Mutumin da in yana gari a turakarsa yake kwana, in ba ya gari a cikin mota, ina zai gani? Sai Hajiya ta karɓe, tana dariya tana shafa kan yaron, ta ce: "Likita, lahiyatai lau. Hansari na, gadon mai sunanai na. Kakanai in ya kwanta har maƙwabta sai sun ji."

Likita ya yi dariya, malamar jinya ta yi dariya. An sami bayani mai daɗi: yaro ya gaji suna, ya gaji minshari. Aka leƙa bakinsa leƙen da bai kai ƙiftawar ido ba, aka ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, aka rubuta maganin mura da na zazzaɓin cizon sauro. Har muka fito babu wanda ya ɗaga kai ya dubi matar da ke tsaye a bakin ƙofa.

Ranka ya daɗe, a cikin mu ukun nan ni kaɗai ce nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Ni ce nake tashi zaune in tallabe kansa in jira. Za ka ce me ya hana ni magana. Ni kuma sai in ce me ya hana a tambaye ni? Likitan nan ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba. Malamar jinyar nan na tabbata ita ma tana da ɗan farin da take kauda kai idan an ambace shi. Sun san abin da shirun matar da ke tsaye bayan surukarta yake nufi, sun san ba shirun "babu komai" ba ne. Tambaya ɗaya ce tak: wa yake kwana da yaron? Da an yi ta, da an ce Hajiya da ɗanta su ɗan jira a waje, da na zazzage komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ku masu wucewa ta ƙofar gida kuka tambaya.

Na uku, zuwan da na yi ni kaɗai.

Maganin murar nan mai sa barci ne. Kwanakin da yake sha, shirun ya ƙara tsawo, farkawar ta ƙara wuya, sai da na riƙa girgiza shi. Na daina ba shi da kaina, kuma ban ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Sai na yi tunanin gani ya kori ji. Na ɗauki wayata na ɗauke shi yana barci, tun daga minsharin, zuwa shirun, zuwa zaburar. Na nemi izinin maigidana, ya ce in je. Na yi sammako, na bi layin kati, na bi layin awo, rana ta take kafin a kira mu. Ina shiga na ciro wayar, sai malamar jinya ta ɗaga mini hannu ta ce: "Ba a hiddo waya nan ciki." Na ce ba kira zan yi ba, ciwon ne a ciki. Ta nuna mini takardar da aka manna a bango. Na san dalilin dokar, kuma ban ce a soke ta ba, an hana ne don kada a ɗauki hoton marasa lafiya. Amma ni ba ɗauka na zo yi ba, nunawa na zo yi. Dokar da ba ta bambance waɗannan biyun ba, gyara take buƙata.

Likitan ranar daban ne da na farko. Ya buɗe fayil ya karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta, ya dubi yaron da ke tsaye yana wasa da igiyar wandonsa, ya ce ai ga shi garau. To, da ma na ce da rana yake shaƙewa? Ciwon da ba ya zuwa sai an yi barci, ku kuma ba ku duba yaro sai idonsa biyu, yaushe za ku haɗu? Na yi masa bayani tiryan-tiryan, karo na farko a rayuwata da na zauna gaban baƙon namiji ina zayyana lamarin ɗan farina. Ya saurara rabi, ya ce uban yaron da kakarsa sun ce ba a ga haka ba, iyaye mata kuma akwai su da fargaba. Da na nemi takardar zuwa wurin likitan maƙogwaro, sai ya ce layin can na masu matsala ta gaske ne, in kuma ina so a sake duba maganar, in zo da maigidana.

Ka ji fa. Ranar da na yi shiru an ce babu ciwo saboda ban yi magana ba. Ranar da na yi magana an ce in je in kawo wanda bai gani ba ya tabbatar. Don Allah ta wace ƙofa ake so uwa ta shigo?

Na koma bayan wannan, da maigidan nawa kamar yadda aka ce, bayan ya ajiye lodi ya rasa aikin yini. Muka tarar likitan ba ya nan, wanda ke nan kuma ya ce a ci gaba da maganin mura a dawo in bai daina ba.

Na huɗu, abin da ciwon ke ci da rana.

Kada ka ɗauka maganar dare ce kawai. Yaron da bai yi barcin kirki ba, da safe sai an ja shi kamar buhu. A makarantar boko malamarsa ta aiko cewa yana gyangyaɗi a aji, ga rashin ji, ga faɗa da yara. A Islamiyya ya sha bulala a kan barci, har na je da kaina na roƙi malamin ya sassauta. Yana fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ƙannensa na yi masa waƙa, shi kuma ya shige bayan ƙofa ya ƙi cin abinci. Abincin ma da ƙyar yake haɗiya, yana ci yana tsayawa ya ja iska ta baki. Ƙanwarsa da ya ba shekara biyu ta kusa kamo shi a tsawo. An sa masa suna malalaci, an sa masa suna mai taurin kai, kuma ko ɗaya ba halinsa ba ne. Raina yana ɓaci idan na ji, kuma na gaji da haɗiye ɓacin ran.

Na biyar, wanda ya sa ba zan iya ƙara jira ba.

Da aka yi hutu na sa maigidana ya kai yaron Ƙofar Kware ya kwana wurin kakarsa. Da gangan na yi, ina so ta ji da kunnenta. Ta kuwa ji. Washegari tun kafin a share tsakar gida sai ga ta a Mabera riƙe da hannunsa, idonta ja, babu dariyar gadon mai suna. Ta ce ba ta runtsa ba, ta ce mijinta ya yi minshari shekara da shekaru amma bai taɓa yin wannan shirun ba. Na ce alhamdu lillahi, yau na sami mai shaida.

Ashe murnata ta yi gaggawa. Hajiya ta yarda akwai ciwo, amma ta riga ta san sunansa da maganinsa: beli ne. A asibiti aka haifi yaron, kuma ranar suna maigidana ya hana wanzami cire masa beli, wannan ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa. Tun lokacin abin na ranta. Yanzu ta ce shi ne ya yi tsawo yake toshe masa wuya. Da ma an shirya idan sanyi ya shigo wanzamin gidansu zai yi wa yaran dangi kaciya, har da nawa. Ta ce in ya zo sai ya haɗa aikin biyu a zama ɗaya. Maigidana ya ce a ƙara ba asibiti lokaci, sai ta dube shi ta ce: "Asibitin da munka tahi, mi sunka yi mishi?"

Ranka ya daɗe, tambayar nan ba tasa ba ce, taku ce. Kai kana da amsarta?

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na fito daga ɗaki na durƙusa a gabanta na ce ta gafarce ni, kaciya na yarda, amma ba za a sa ƙarfe a maƙogwaron yaron nan ba ina raye. Hajiya ta ce ashe zamani ya kai inda uwa za ta tsaya a kan ɗan fari a gaban surukarta. Tun ranar gaisuwata kawai take amsawa, ita ma a taƙaice. Ba na ganin laifinta. Tsohuwar nan son jikanta take yi, maigidanta take kiransa, kuma ta ga abin da ya firgita ta. Ta juya ga wanda ta san ba zai ce mata je ki dawo ba. Ni kuma na san yaron da ke fama da numfashi ba shi ne za a danne wa harshe a zubar masa da jini a wuya ba, a tsakar gida, babu wanda ya leƙa ya ga ainihin abin da ya toshe.

Ku ne kuke shiga rediyo kuna cewa a daina cire beli, a kawo yara asibiti. Mun ji, mun kawo. Duk uwar da kuka mayar gida da maganin mura, ku sani hannun wanzami kuka miƙa ta, kuma ba ku da bakin zaginta daga baya. Ga shi safiya ta fara sanyi, an fara fito da barguna. Maigidana yana tsakanin uwarsa da matarsa, kuma na san ɗa ba ya daɗewa yana ce wa mahaifiyarsa a'a. Abin da kawai zai tsayar da askar nan shi ne takarda daga hannunku da ranar ganin likita, wadda zai ajiye a gaban Hajiya ya ce ga abin da asibiti ta yi.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba alfarma nake nema ba.

A ba yarona takardar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro kafin sanyi ya kankama. A duba shi dubawa ta gaske, a yi hoton da ya kamata. In ana kwantar da yaro a auna numfashinsa yana barci, a kwantar da shi, zan zo da tabarmata. In babu na'urar a wurinku, ku faɗa mini gaskiya ku nuna mini inda take, kada a ƙara rufe rashin kayan aiki da maganin mura. In an gwada an ce zargina ba daidai ba ne, zan yi godiya in kuma dawo nan in faɗa a fili.

A ba likitoci dama su kalli abin da iyaye suka ɗauko a waya idan ciwon na barci ne. Kallon ba zai kai tsawon lokacin da aka ɓata ana nuna mini takardar bango ba.

Sannan, wanda ya fi kowanne sauƙi kuma ba ya cin ko kwabo: ka umarci ma'aikatanka, duk yaron da aka kawo, su tambayi wa yake kwana da shi. In sun ga mace tsaye a baya ta sunkuyar da kai, su sallami manya su saurare ta ita kaɗai. Ba ni kaɗai ce mai ɗan fari a Sakkwato ba. Akwai da yawa da suka koma gida da maganarsu a ciki, kuma ba duka ne za su iya rubuta wasiƙa ba.

Na san abin da zai biyo bayan wannan takarda. Za a karanta ta a Mabera, za a kai labarinta Ƙofar Kware, za a ce 'yar gidan wane ta zubar da kunya a jarida. A ce. Na riƙe kunyar nan shekara shida, ban ga ta buɗe masa hanyar iska ko sau ɗaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan ci gaba da zuwa layinku, zan zauna a bencin da ke ƙofar ofishinka da wayata a hannu, masinjanka ya gaji da ganina. In an ce kana taro, zan jira a tashi.

Ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da Ya ɗora maka, Ya ba ka ma'aikata masu saurare, Ya sa albarka a hannuwanku. Allah Ya raya maka zuriyarka, Ya sa kada ka taɓa zama a gefen shimfiɗar ɗanka kana jiran ya ja numfashi. Amin.

Saura abu ɗaya. Za ka buƙaci sunan yaron don a nemo fayil ɗinsa, kuma ba zan aiko kakarsa ko ubansa su faɗa maka ba. Bakina bai taɓa furta shi ba, hannuna bai taɓa rubuta shi ba sai yau. Sunansa Haliru. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ni ce nake ji idan ya yi shiru.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Uwar Haliru,
Mabera, Sakkwato.